Kaurin Yatsa

Tun daga Aliero giya ke yi mini gardama.
In ce ɗaya, ta ce ƙurrr,
in ce biyu, sai ka ce tsakuwa ake niƙawa.
Buhu goma sha bakwai na albasa a baya,
rana na ta dafa su,
ƙafar hagu kuma ta nutse har ƙasa
ba ta tarar da kowa ba.

A Jega, bayan tasha, gindin dogon yaro,
Arzika bakanike na zaune kan tsohuwar taya.
Ido ɗaya ya yi yana tun bara,
ɗayan ma lallaɓa shi yake.
Bai tashi ba. Ya ce, "Tun daga gada na jiyo kukanta.
Wayar kuloci ce ta saki. Buɗe."

Ya zura hannu cikin zafin inji
yana lalube kamar ungozoma,
ya bi baƙar waya mai maiƙo
har inda noti biyu suka yi goyo.
"Nomau, sifana sha biyu.
Ba wannan ba, mai ɗaurin roba."

Ya kwance na baya, ya murɗa na gaba.
"Taka."
Na taka.
"Saki. Ba sakin fushi ba."
Na saki.
Ya ƙara rabin zagaye, ya kara kunne,
ya rage kaɗan daga abin da ya ƙara.

Na ce, "Baba, ɗaure ta tamau,
kada in sake dawowa."
Ya tofar da tsinken da ke bakinsa.
"In na ɗaure ta tamau, ai gobe kana nan,
da faranti ƙonanne a hannu.
In na bar ta sake-sake, giya ta ƙi ka.
Ana barin kaurin yatsa,
inda ƙafa za ta taɓa, waya ba ta ji ba.
Ko akuya a turke, ai da sauran igiya."

Ya ɗaure na baya, ya shafa giris,
ya goge hannu a gwiwar wando.
Na sa ɗaya. Ta shige shiru
kamar cokali cikin kunu.
Kuɗi ya ƙi. Ya zaɓi albasa huɗu,
ya mayar da guda, wai ta fara ruɓa.

Daren nan Tunau ya shigo a makare,
an daɗe da sallame isha,
yana ɗauke da takalmansa a hannu.
Maganar da na tanada tun magariba
ta hau har maƙogwaro.
Sai ƙafar hagu ta motsa kan tabarma,
ta taɓa, ta tsaya.

Na ce, "Tuwonka na nan a rufe.
Ja ƙyauren, sauro na shiga."