Bin Sawun Saƙo a Oulu

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya sauka.
Tuulikki Rautio ta cire safar hannu,
ta hura yatsunta, ta zauna gaban allo.
Kofinta ya huce tun hantsi.

Aikinta bin sawun saƙo.
Abin da ke cikinsa ba ruwanta,
hanyarsa ce tata.

Kai da ka danna "aika" ka ɗauka tsuntsu ka saki.
Ina! Bene yake sauka, hawa bayan hawa,
kowane hawa da mai gadinsa.
Wannan ya yanka shi gunduwa-gunduwa,
wancan ya liƙa wa kowace gunduwa lamba,
na ƙasa ya cusa ambulan cikin ambulan,
ya danna hatimi,
sannan iska ta karɓa.

Kwana tara tana farautar wani jinkiri,
ɗan mitsitsi, ƙiftawar ido ta fi shi tsawo.
Jarmo na teburin gefe ya ce, bar shi mana,
wa zai lura?
Ta ce, da yayyafi kogi kan cika.

A hawa na uku ta kama shi.
Saƙo ya iso, sai a tsayar da shi a kwafe,
a sake kwafe kwafin,
sannan ya bi ƙofofi yana ƙwanƙwasawa:
nan ne? ba nan ba. Nan ne?
Wani ne ya tsara haka shekaru goma sha,
don tsoron kada abu ya ɓata.
Ya yi ritaya, tsoronsa bai yi ba.

Layi huɗu ta goge. Ta rubuta biyu:
kada a ɗauki kayan, a nuna inda suke;
ga jerin ƙofofi, duba sau ɗaya ka wuce.

Babu tafi. Wani zane a allo ya ɗan sunkuya,
shi ke nan.

A can Hailuoto, bisa tekun da ya daskare,
mahaifinta Veikko na zaune kan bokiti,
ya huda ƙanƙara, ya zura ƙugiya,
shekara saba'in da huɗu, ba ya jin magana.
Kullum in ya taka tudu yakan aiko kalma biyu.

Biyar ta wuce. Biyar da kwata.
Ta kife wayar. Ta sake juyo ta.

Sai ta girgiza: *Na fito.*

Ta san kowace matattakala da kalmomin suka taka,
ta san sunan kowane mai gadi,
amma sai da ta dafe ƙirji
kafin ta tashi ɗumama kofin.