Mai Rigar Toka

Shekarar da famfon unguwarmu ya koma tari,
nan Monclova, inda duwatsu ke riƙe zafi har dare,
na tone ciyawar da nake shayarwa kamar jinjiri
na jibge ta bayan katanga.

Fidencio ya leƙo ta saman shinge:
"Nicanor, lafiyarka kuwa?"
Na ɗaga masa gwangwanin madara,
ɗan tsiron seniso a ciki,
ganyensa kamar an yi masa wanka da toka.
Ya yi dariya har malafarsa ta karkace.
"Abin da ya cika daji, shi za ka kawo gida?"

Eulogia ce ta so shi, tun tana raye.
Takan ce, kar ka ba shi taki, gata na kashe shi.
Tsakuwa yake so, da farar ƙasa, da rana tsaka.
In ka cika masa ruwa, saiwar ta ruɓe.
Shekara arba'in da ɗaya ina yi mata musu,
yau ga ni durƙushe
ina bin maganarta ɗaya bayan ɗaya.

Wata goma sha huɗu bai ce mini uffan ba.
Bai mutu ba, bai yi sauri ba.
Lemon Fidencio ya zubar da ganye,
nawa yana tsaye, fururu, kamar tsohon da ke jiran mota.

Sai wata asubar Agusta,
iska ta yi nauyi, gwiwata ta hagu na ciwo,
na buɗe ƙofa da kofin gahawa a hannu.
Shunayya!
Daga gindi har ƙoli, ko ganye ba ka gani.
Sama kuwa wasai, babu girgije ko na rantsuwa.
Shi ya riga mu jin ƙanshin ruwa.

Ban gayyaci kowa ba, amma sun zo.
Ƙudan zuma suna kutsa kai cikin furen har ƙugu.
Malam-buɗe-littafi ya bar ƙwai a bayan ganye,
tsutsotsinsa suka ci rabonsu, ban hana ba.
Wani ɗan tsuntsu mai tsayawa cak a iska
ya zo sau uku kafin hantsi.
Ƙadangare ya kama inuwar gindin, ba haya.

Ruwan ya sauko ran Alhamis.
Kafin mako furen ya zube kan tsakuwa.
Fidencio ya miƙo tsintsiya ta saman shinge.
Na ce ya bari tukuna.