Asabar a Gindin Bedi

Hutu ya faɗo Litinin, ya manne da Lahadi.
Muka baza tabarma bayan gidan su Ila a Birni,
duwatsu na amayar da zafin da suka sha tun hantsi.

Mutari ya ce gobe sai Gidimuni,
ga ruwa, ga dabino, ga kifi bisa garwashi.
Bana shekara uku yana faɗin haka.
Motarsa na kan bulo huɗu,
kaza na ƙwai a kujerar baya.

Tanimu ya ɗauko zancen dambu,
wai shi ya san sirrin turara zogale.
Harira ta leƙo ta katanga:
"Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona?"
Dariya ta kifar da kofin Ila.

Shayin fari ɗaci, na biyu daidai,
na uku sukari ya ƙare.

Muka je Agadas da baki, muka biyo ta Mirriya,
ba wanda ya sa takalmi.

Da magariba kwano ya tsallako katanga,
dambu da mai da yaji.
Tanimu ya ci, ya suɗe, bai ce uffan ba.

Gidimuni kuwa, sai wani hutun.