Kar

Shekara talatin da ɗaya ina feɗe cikin rediyo
a wata rumfar kwano kusa da Ƙofar Rini.
Na san warin dalma in ta narke,
na san inda kyankyaso ke ƙwai a bayan sifika.
A lokacin, nisa na da murya:
shuuu, kamar ana sheƙar gero.
Sai ka murɗa a hankali, ka karkata kai,
ka ƙara wa eriya tsawo da wayar keke,
kafin mutumin ƙetare ya yarda ya yi maka sallama.

Yanzu mai cajin waya ke cikin rumfar.
Ban yi fushi ba. Yaron na gaishe ni.

Shi ne ma, Maccido, ya ɗora mini abin a waya:
ƙwallon duniya, an yayyafa mata ɗigo kore kamar tsaba.
Ya ce, Baba, kowane ɗigo tasha ce.
Na ce, nemo mini Erzurum.
Ya ce, ina ne nan?
Na ce, inda Ige take.

Ɗiyata ta uku. Karatun ungozoma.
Jarrabawa ta yi mata yawa,
ni kuwa ba na son in zama uban
da ake ajiyar zuciya kafin a ɗauki kiransa.

Ƙarfe huɗu na dare a Mabera, watan Maris,
bango na amayar da zafin da ya haɗiya da rana,
an ɗauke wuta tun isha'i,
ina tsakar gida, jiƙaƙƙen tawul a ƙirji.
Can shida ta yi, sun riga mu da awa biyu.
Wata mata na magana, tas,
kamar tana zaune gindin randarmu.
Tsabtar muryar ce ta fara ba ni tsoro:
ashe nisa ya koyi ƙarya.

Ban san harshensu ba.
Na dai san in talla ce, baki na gudu,
in rasuwa ce, duk duniya murya ɗaya ake yi.
Amma kullum bayan labarai matar kan ce: kar.
Kar, kaza da kaza, kar.
Na tashi zaune. Kar me?
Kar a fita? Kar a saki jiki da baƙi?
Kar ka ƙara tura ɗiya inda ƙafarka ba ta zuwa?
Kwana tara ina ɗauke da wannan hani.

Ran Juma'a na kasa, na kira.
Ige ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ta ce, Baba, dusar ƙanƙara ce! Haka suke ce mata, kar.
Yanzu haka tana zuba, ta binne mini takalmi.
Sai ta yi shiru.
Ta ce, tasharmu kake saurare?
Na ce, a'a, hannuna ne ya taɓa.
Ta ce, to.
Tun tana ƙarama ƙaryata ba ta shiga kunnenta.

Datar ɗari biyar kwana uku take yi mini.
Kulu ta ce kuɗin cefane nake ba iska.
Jiya kuwa na farka na tarar ta matso da tabarmarta,
ido rufe, kunne a waje.

In sabis ya yi rauni, ɗan zoben nan ya hau juyawa,
matar ta tsaya a tsakiyar kalma.
Ba abin murɗawa, ba eriyar ɗagawa.
Hannuwan da suka tada rediyo dubu
na aza su bisa gwiwa, ina jira kamar kowa.

Ladanin unguwa ya gyara murya.
Gumi na bin wuyana.
Zoben ya tsaya, ta dawo ta ƙarasa: kar.
Na ce, na ji.

Na ɗauki buta, ruwan ciki har yanzu da ɗumi.
Ki sa safa biyu, Ige.