Kachalla

Abu ɗaya na je aro,
ɗan ƙunshin da zai buga kwanan wata
a gindin rasidin taki,
don Tasalla ma'aji ta daina tambaya
ko bakwai na rubuta ko ɗaya.

Na danna, na miƙe shan ruwa.
Kafin in kife moɗa a bakin randa
baƙona ya shigo da ƙanensa,
ƙanen ya jawo surukinsa,
surukin ya turo wani da ko sallama bai iya ba.
Ɗari takwas da sha ɗaya.
Na ƙirga, don datar dubu biyu suka cinye,
kuɗin da na ware wa batirin sola.
Mu kuwa manoman shinkafar ƙungiya
ɗari da sittin da uku ne,
har da marigayi Ilu da ba a goge ba.

Manhaja ta yi teɓa.
Baffa Gwadabe kan taɓa ta a wayarsa,
ya ɗaure jaki, ya yi alwala, ya dawo,
tana nan tana juya ɗan zobenta.

Kowace safiya jan rubutu ke tashe ni.
In sabunta wannan, uku su karye.
Wancan ya rantse ba zai zauna da kowa ba
sai tsohon nan,
tsohon kuwa ƙofarsa ba sakata.

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai sanyi,
ban san fuskarsa ba.
Shekara tara yana riƙe da layi goma sha biyu
da duniya ta jingina a kai,
ba wanda ya aika masa ko goro.
Ya gaji. Wataƙila haihuwa aka yi masa.
Wani mai ladabin baki ya ce, kawo in taya ka,
ya miƙa masa makulli.

Daren da labari ya iso
na hau kan gaɓar kanal,
inda sabis ke kai sanda biyu,
sauron Auyo na cin rabonsa a ƙafata.
Na yi ta tono, hawa bayan hawa,
sai ga shi a na bakwai,
jikan jikan wanda na gayyato,
zaune kusa da lambobin wayar mutane,
da bashin kowa,
da wanda ya jinginar da fadamarsa
bai gaya wa 'ya'yansa ba.

Ban yi barci ba.

Asabar gayya ce.
Baffa ya miƙo mini lauje, muka shiga ruwa har ƙugu.
Kachalla ta toshe kanal tun daga kwana,
jan baki sun yi gari a cikinta,
gonakin ƙasa sun kwana huɗu da ƙishi.
Na ce, wa ya shuka ta?
Ya ce, wa zai shuka?
Ɗaya ce ta tsiro, aka ce ai ba ta tare komai ba.
Yanke ta ƙarƙashin ruwa, yaro,
in ka aske kai kawai, jibi za ta gaishe ka.

Na koma da kaikayi a cinya,
na buɗe kwamfuta.
Kwana shida ina cira.
Wani in na ja shi, arba'in su biyo saiwarsa.
Kwanan watan da kaina na rubuta,
layi goma sha huɗu,
karkatacce kamar tabarmar da na fara saƙa,
amma na san inda kowane kaba ya bi.

Saura ashirin da uku.
Na san sunansu, na san mai ciyar da su,
biyu ma ban yarda da su ba tukuna.

Jiya Tasalla ta leƙo zaure.
Ta ce rasidi ya yi kyau,
amma ta ga na 'yan Kafin Hausa
yana zana amfanin gona da launi-launi,
kore da ruwan ɗorawa.
Ta ce, ai ɗan abu ne.

Akwai ƙunshin da ke yin sa.
Na gan shi.
Yatsana na bisa madanni
tun la'asar.