Ajiya a Gindin Randa

Ranar da aka sayar da garkar Baba Kanta a Mirriya
ban shiga gardamar kuɗi ba.
Ƴan'uwa suna ƙirga a zaure,
ni na zaga baya da wuƙar Zabeiru,
na yanko rassan rumman goma sha ɗaya,
kowanne tsawon kamu, kaurin ɗan yatsa.
Gindi na yanka a karkace, kai na yanka daidai,
don kada ranar dashe in kifa su,
itace ba ya tsiro da ƙafa a sama.

To, ina zan kai su?
Filina na bayan Garin Malam dutse ne da rana,
babu katanga, babu rijiya,
awakin unguwa sun fi ni sanin hanyarsa.
Ga bazara ta tsaya tsakiyar ka.
Famfo ya kwana tara ko tari bai yi ba.
Wanda ya dasa yanzu, makamashi ya dasa.

Inna Cima ta ce, "Kawo su nan.
Ba shuka ke gabanka ba, jinya ce."
Ta tsige ganyen tas, har na ji a jikina.
"Ganye baki ne," in ji ta, "shi ke shanye ruwan jiki."
Ta dangwala gindin a toka,
ta ɗiga kakin zuma a kan kowanne,
ta naɗe su cikin tsohon buhu jiƙaƙƙe,
ta tona yashi a gindin randa,
lungun da rana ba ta taɓa leƙawa ba,
ta kwantar da su, ta rufe.

"Kada su ƙoshi, kada su ji ƙishi.
In ruwa ya yi yawa, ruɓa.
In ɗumi ya taɓa su, za su farka tun da sauran dare,
su cinye guzurinsu a ɗaki."

Randa tana zufa, su suna barci.
Mai garuwa ya ƙara wa jarka kuɗi,
duk da haka nakan rage kofin shayi guda
in yayyafa bayan asuba,
Harira tana kallona ta wutsiyar ido:
"Mu ma da itace ne, da mun sha."

Duk Juma'a nakan buɗe buhu,
in kankare ɓawo da farce, kaɗan,
kamar mai tambayar majinyaci ya jiki.
In na ga kore, in ce madalla.
Biyu sun yi baƙi, sun yi warin tsohuwar rijiya.
Gara ta biyo ta ƙasa ta yi sallama da uku,
ta bar mini ɓawo kamar rigar da ba kowa ciki.
Ɗaya ya yi gaggawa, ya fid da farin toho a duhu,
kwana shida ya yi, ya langaɓe.
Ɗaya kuwa Laure ta zare,
na same ta a ƙofar gida tana korar kaji da shi.
Ban iya yi mata faɗa ba.
Da irinsa kakanta ke nuna mini iyakar fangali.

Saura huɗu.

Jiya hadari ya haɗo ta bayan duwatsun Birni,
aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi,
na ɗauko hauya.
Inna ta tare ƙofa da zaninta:
"Ruwan fari maƙaryaci ne.
Sai ka tura hannu a ƙasa har gwiwar hannu
ka ji sanyi bai ƙare ba."

Na mai da hauya.
Na durƙusa a gindin randa, na ɗaga bakin buhu.
Idon ɗaya ya kumbura kamar ƙwayar gero.
Na ce masa, yi haƙuri, koma barci,
ni ma ban gama shingen ba.