Kunnen Hagu

Bayan an tashi kasuwa a Yelwa,
warin bandar kifi bai gama lafawa ba,
wasu ɗalibai daga Birnin Kebbi
suka ɗaure farin zane a rumfar Ɗan'ige mai albasa,
suka tada janareto.

Muka hau buhuna muna jiran faɗa.
Ba faɗa, ba rawa.
Wani tsoho ne, a ƙasar da ban san sunanta ba,
ya mutu tun gyaɗar hannuna ba ta ƙare ba.
Aka bar mu da randa,
ruwa na ɗiga cikinta, ɗis, ɗis,
har Sahabi mai kwalekwale ya ce a maido masa kuɗinsa,
alhali kyauta ya shigo.

Sai saniya ta haihu.
Maraƙin da tabo a goshi, daidai inda tsohon ke da shi.
Can wata yarinya ta sauka daga mota
a garin da ba ta taɓa takawa ba,
ta miƙe ba tambaya har ƙofar gidan,
ta cusa hannu bayan azara, ta zaro mabuɗi.

Nan hannuna ya tafi kunnen hagu
ba da izinina ba.

Huɗu Inna ta binne kafin ni,
ba wanda ya kai yaye.
Wabi, in ji matan unguwa.
Na huɗun, kakata ta tsaga masa kunne da aska
kafin a naɗe shi,
wai in ya dawo a gane shi, ya ji kunya.
Na zo da tsaga a nan.
Aka raɗa mini Zubairu, ana kira na Ajuji,
don mutuwa ta raina ni ta wuce.

Liman ya ce camfi ne,
wanda ƙasa ta rufe sai ranar tsayuwa.
A kan haka nake, a kan haka zan mutu.
Amma zanen nan bai yi musu da kowa ba.
Bai ce tsohon ne ba, bai ce ba shi ba ne,
ya dai riƙe fuskar yarinyar
har na fara jin numfashin mai jira a bayan ƙyaure.

Mai ya ƙare kafin a buɗe.
Duhu, sai kwaɗi,
sai Kwara tana wucewa bisa tsibiran da ta haɗiye,
waɗanda mutanensu suka sake kafa murhu a tudu.

Na iske Inna tana tsince shinkafa a hasken tocila.
Na ba ta labari: randa, maraƙi, mabuɗi.
Na ce, Inna, ni ne su?

Ta daɗe tana fitar da tsakuwa.
Ta ce, kowannensu da kukansa, na san su,
kar ka cinye musu suna.
Kai ba dawowa ka yi ba,
zama ka yi.

Ta miƙo hannu ta ja kunnen,
kamar mai gwada igiyar jirgi a bakin gaɓa,
ta ce, je ka rufe awaki.